Yadda Za Ka Sa Akwatin Maki a Jerin Alhazanka

Mai kula da alhazai a Makka ya san wahalar ƙirga mutane a bakin bas. Ga dabara a Google Sheets, manhajar Google ta jera bayanai da lissafi:

1. Jera sunayen a layin A, daga A2 zuwa ƙasa.

2. Zaɓi gidajen da ke gefensu, misali B2 zuwa B46 in alhazanka 45 ne.

3. A kwamfuta, taɓa Insert, sannan Checkbox. Ƙananan akwatuna za su fito.

4. Wanda ya shiga mota, danna akwatinsa. Kada ka danna don wani ya ce "Hajiya tana tafe", sai idonka ya gan ta a kujera.

5. A wani gida daban rubuta =COUNTIF(B2:B46,TRUE), zai ƙirga maka akwatunan da ka danna. In lissafin bai cika 45 ba, kada direba ya bar Mina.