Yadda Ake Auna Mu'amalar Ilektron Tsakanin Ferosin Biyu

Ferosin, wanda ake rubuta shi Fe(C5H5)2, sinadari ne da atam ɗin ƙarfe guda ke zaune a tsakanin zobba biyu na kabon, kowane zobe mai atam biyar. Kealy da Pauson sun haɗa shi a Amurka a shekarar 1951, kuma aikin da Wilkinson da Fischer suka yi a kansa da danginsa ne ya kai su ga kyautar Nobel a 1973. Yana sakin ilektron ɗaya cikin sauƙi ya koma ferosiniyam mai launin shuɗi, sannan ya sake karɓarsa ba tare da siffarsa ta lalace ba. Idan an haɗa ferosin biyu a cikin ƙwayar sinadari ɗaya, abin da mai bincike ke son sani shi ne ko atam ɗin ƙarfen nan biyu suna jin juna.

Ana farawa ne da awon boltametiri mai zagaye, wato a riƙa ƙara ƙarfin bolt a hankali sannan a dawo da shi, ana auna lantarkin da ke gudana; duk inda ilektron ya fita ko ya dawo, sai tudu ya bayyana a zanen awon. A narkar da samfurin, kimanin milimola ɗaya a lita, cikin ruwan narkarwa na daikulorometan ko asitonaitiril da aka raba da danshi sosai, a zuba gishirin Bu4NPF6 mola 0.1 domin ruwan ya iya ɗaukar lantarki. A goge ilektirod ɗin kabon da garin alumina har ya yi sheƙi, a sa wayar filatinam a matsayin abokiyar aiki, wayar azurfa kuma a matsayin ma'auni na wucin gadi. Sai a hura iskar agon ko naitirojin a cikin ruwan na kimanin minti goma don korar iskar oksijin, kuma a gwada ruwan shi kaɗai kafin a sa samfurin, domin duk tudun da ya bayyana a lokacin ƙazanta ce.

A fara da sauya ƙarfin bolt da saurin milibolt 100 a daƙiƙa. A ka'ida, idan ilektron ɗaya ne ke fita yana dawowa ba tare da cikas ba, tazarar da ke tsakanin tudun fita da na dawowa milibolt 59 ce a zafin digiri 25, amma a daikulorometan takan fi haka saboda ruwan na yi wa lantarki turjiya. Ƙarfin bolt na wayar azurfa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa tun 1984 hukumar IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, ta ba da shawarar a riƙa danganta awo da ferosin kansa. Tun da tudunsa zai iya hawa kan na samfurin, ya fi kyau a ƙarshen gwaji a zuba dekametilferosin, wanda ke sakin ilektron da wajen rabin bolt ƙasa da ferosin.

Idan atam ɗin ƙarfen biyu ba ruwansu da juna, bambancin bolt ɗin da suke sakin ilektron a kai ba zai wuce milibolt 36 ba, kuma tudu ɗaya za a gani. A baiferosin kuwa, wato ferosin biyu da zobbansu ke haɗe kai tsaye, tuddai biyu ne ke fitowa da tazarar kimanin bolt 0.3. A raba tazarar da milibolt 59, abin da ya fito shi ne yawan goma-goma da za a ninka don samun ma'aunin ɗorewar sinadarin da ya rasa ilektron ɗaya kacal. A nan ya kai wajen dubu ɗari.

Wurin da mutane da yawa ke yin gaggawar yanke hukunci ke nan. Faɗin tazara ba hujja ba ce cewa ilektron na yawo tsakanin ƙarafan biyu, domin da zarar ɗaya ya rasa ilektron ya ɗauki caji, cajin nan shi kaɗai ya isa ya sa cire na biyun ya yi wuya. Masu bincike Geiger da Barrière sun nuna cewa sauya gishirin zuwa mai B(C6F5)4, wanda ba ya manne wa sinadari mai caji, yana faɗaɗa tazarar ƙwarai alhali samfurin bai canza ba. Saboda haka a maimaita awon da gishiri iri biyu da ruwan narkarwa iri biyu; idan tazarar na ta sauyawa, to yawancinta aikin caji ne.

Hujjar da a ganina ta fi ƙarfi tana wajen haske. A cire ilektron ɗaya tak daga samfurin, a auna hasken da yake sha a yankin da ke gaba kaɗan da jan haske, wanda ido ba ya gani. Idan an ga faffaɗan tudu da babu shi kafin cirewar, kuma ya ɓace bayan an cire ilektron na biyu, to ilektron ne ke tsallakawa daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Daga tsayin tudun da faɗinsa da nisan da ke tsakanin ƙarafan ake lissafa ƙarfin mu'amalar da dabarar Hush, sannan a sa sinadarin a ɗaya daga cikin rukunai ukun da Robin da Day suka tsara a 1967 bisa ƙarfin mu'amalar. Baiferosin da ya rasa ilektron ɗaya, a cikin ruwan narkarwa, yana rukuni na biyu ne, wato mai matsakaiciyar mu'amala.