Yadda Ake Kula Da Kofin Da Yake Da Tarihi A Wurin Mai Shi

Da wuya a shiga gidan da babu wani kofi guda da kowa ya san mai shi, wanda ko yaro ƙarami ba ya kuskuren ɗauka ya sha ruwa da shi. Wani kofin maigida ne na shan shayin safe, wani tsarabar Makka ce da kaka ta zo da ita tare da zamzam da dabino, wani kuwa an raba shi ne a wurin biki da sunan ango da amarya a jikinsa, ga shi yanzu 'ya'yansu sun shiga makarantar sakandare. Idan aka kai irin wannan kofi kasuwa ba zai yi kuɗin kirki ba, amma ranar da ya fashe mai shi kan wuni ransa a ɓace, domin duk lokacin da ya ɗaga shi yana tuna wani mutum ko wani zamani. Mutane da yawa suna ganin hanyar kare shi ita ce a kulle shi a kabad. A ganina wannan kuskure ne, domin shan da ake yi da shi kullum shi ne yake raya tunawar. Abin da ya fi shi ne a koyi yadda za a ci gaba da amfani da shi ba tare da an lalata shi ba, a kuma san lokacin da ya kamata a hutar da shi.

Mataki na farko: a san irin kofin da ake riƙe da shi

Kafin a taɓa sabulu, a juya kofin a dubi gindinsa da kyau a cikin haske. Yawancin kofunan tangaran, waɗanda iyayenmu suke kira faɗi-ka-mutu, suna da hatimin masana'anta ko sunan ƙasar da aka ƙera su, kuma wannan ɗan rubutu yakan taimaka wajen kimanta shekaru. Kofin da yake ɗauke da sunan Jamus ta Yamma an yi shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990, wanda kuma yake da sunan Czechoslovakia ya riga rabuwar ƙasar a ƙarshen 1992. Wanda ya ga haruffan LK an danna su cikin yumɓu, kusa da wani ƙaramin hatimi mai rubutun Larabci, to ya yi hattara ƙwarai, domin alama ce ta Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da hotonta yake a bayan takardar naira 20. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984, kuma ban da manyan tuluna, cibiyar ta yi kofuna da butocin shayi da yawa. Irin wannan kaya ya wuce abin tunawa na gida ɗaya, masu tara kayan tarihi suna nemansa.

Daga nan sai a gwada lafiyarsa. A ɗora kofin a tafin hannu a buɗe, a ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce ko da bayan cokali. Idan ya yi ƙara mai tsawo, garau, to babu tsaga. Idan ƙarar ta fito a dushe ta mutu nan take, mai yiwuwa akwai tsagar da ido bai gani ba tukuna. A kuma lura da santsin ƙyallin da yake jikinsa, wanda gilashi ne da aka narkar a wuta ya rufe yumɓun: a tsohon kofi yakan yi ƙananan tsage-tsage masu kama da yanar gizo-gizo, kuma ta nan ne shayi yake ratsawa ya zauna a cikin yumɓu.

Mataki na biyu: a tabbatar shan abu da shi ba zai cutar ba

Wannan shi ne matakin da ƙauna take sa mutane su tsallake, alhali ya fi sauran muhimmanci. Shekaru aru-aru maƙera tangaran suna haɗa dalma a cikin ƙyallin da suke shafawa, domin tana sa shi narkewa da wuri, launi kuma ya fito sosai, musamman ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo. Sai a farkon shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara ƙayyade yawan dalmar da aka yarda ta fita daga kwanukan cin abinci, kuma ba kowace masana'anta a duniya ce ta bi irin wannan ƙa'ida nan da nan ba. Zafi da tsami su ne suke janyo dalmar daga jikin kofi zuwa abin sha, don haka shayi mai lemun tsami da zoɓo da tsamiya sun fi ruwan sanyi haɗari a nan. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta hallaka ɗaruruwan yara, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan guba. Abin da yake fita daga kofi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma yara da masu juna biyu ne suka fi cutuwa.

Saboda haka, tsohon kofin da yake da zane mai launi a cikinsa ko a daidai inda leɓe yake taɓawa, wanda kuma zanen ya fara gogewa ko yana barin fari-fari kamar alli bayan an wanke, a daina sha da shi. Haka ma kofin ƙarfe mai fenti, ɗan'uwan langa da samira, idan cikinsa ya ɓantare har tsatsa ta bayyana. Ɓantarewar waje ba ta hana amfani.

Mataki na uku: wanki

Baƙin da yake kama cikin kofin shayi ko gahawa ba dauɗa ce ta ƙazanta ba. Wani sinadari ne da ake kira tanin, wanda yake cikin ganyen shayi, shi ne kuma yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a hana shi zama, wato a ɗauraye kofin da zarar an gama sha, kada a bar ragowar shayi ya kwana a ciki.

Idan ya riga ya kama, a zuba cokali ɗaya na bekin soda a cikin kofin, a ɗiga ruwa kaɗan har ya yi kauri kamar ƙullu, a shafe cikin da yatsa ko da tsumma mai laushi, a bar shi kimanin minti 15, sannan a goge a hankali a ɗauraye da ruwan ɗumi. Inda babu bekin soda, farar kanwa da aka jiƙa aka tace tana yin aikin, muddin an tace yashin da yake cikinta, domin yashin zai karce ƙyallin. Farin dabbare-dabbaren da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari kuwa tsami ne maganinsa: a matse lemun tsami a cikin ruwa, a jiƙa kofin na ɗan lokaci, a wanke.

Soson ƙarfe da toka da yashi, waɗanda suke fitar da tukunya fes, su ne manyan abokan gaban kofi. Suna barin karce da ido ba ya gani, tanin kuma ya samu wurin maƙalewa fiye da da. Kofunan biki da na taron ƙungiyoyi, waɗanda aka buga hoto da suna a bayansu, sun fi kowanne saurin lalacewa ta wannan hanya, ga shi kuwa rubutun ne dalilin ajiye su. A wanke bayansu da sabulun ruwa da tafin hannu kawai, kada kuma a shanya su a rana, domin rana tana cinye launin bugun. Kofi mai zoben zinariya a baki ba a goga shi, ba a kuma sa shi a na'urar ɗumama abinci, saboda ƙarfen yana tartsatsi. Bilic, wato ruwan nan da ake farar da tufafi da shi, bai dace da tsohon kofi mai tsage-tsage ba, tunda yana shiga ƙarƙashin ƙyallin ya ƙi fita, kuma haɗa shi da lemun tsami ko wani abu mai tsami yana fitar da iska mai guba.

Akwai wata dabara ƙarama da take ceton kofuna da yawa: a shimfiɗa tsumma a gindin bahon wanke-wanke, a wanke kofin shi kaɗai kafin a jefa cokula da tukwane.

Mataki na huɗu: zafi da sanyi

Tangaran da gilashi ba sa son sauyin zafi na farat ɗaya. Idan aka tuttula tafasasshen ruwa daga filas a cikin kofin da ya kwana cikin sanyin hunturu, cikinsa yana buɗewa da zafi kafin bayansa ya ji, wannan ja-in-ja kuwa shi ne yake tsaga shi. A fara zuba ruwan ɗumi a juya a zubar, sannan a zuba shayin. Ƙananan kofunan gilashi da ake shan shayi zagaye uku da su a Nijar, da kuma 'yan finjalan gahawa marasa mariƙi da alhazai suke kawowa daga Saudiyya, duk wannan ƙa'ida ta shafe su. Kada kuma a tsoma kofi mai zafi cikin ruwan randa.

Mataki na biyar: a ba shi wurinsa, a kuma sanar da mutanen gida

Sau da yawa kofuna a hannun wani suke fashewa, ba a hannun mai su ba. A ware masa wuri a saman kanta inda hannun yara ba ya kaiwa, kada a cusa wani kofi a cikinsa, kada kuma a rataye shi ta mariƙi idan ya tsufa, domin mahaɗar mariƙin ita ce wurin da ya fi rauni. Sannan a gaya wa mutanen gida dalili. Yaron da aka ce masa “kada ka taɓa” kawai, sha'awar taɓawa ce za ta ƙaru. Wanda aka zaunar aka ce masa “wannan na kakanka ne, da shi yake buɗa-baki kowane azumi” yakan zama shi ne mai tsare kofin daga ƙannensa. Game da baƙi, al'adarmu ba ta yarda a karɓe abu daga hannun baƙo ba, don haka a tanadi kofunan baƙi masu kyau a kusa, a kawar da wancan tun kafin baƙo ya shigo.

Mataki na shida: idan ya fashe

A tattara gutsattsarin duka, har ƙananan, a wanke su a bar su su bushe sarai, domin gam ba ya kama wuri mai laima ko maiƙo. A gwada haɗa su ba tare da gam ba tukuna, don a san wanda zai fara shiga da wanda zai biyo baya. Gam ɗin nan mai saurin bushewa da ake sayarwa a kowane shago yana da sauƙin aiki, amma zafi da ruwa suna raunana shi. Wanda ya fi ƙarko shi ne mai bututu biyu da ake haɗawa daidai wa daida, irin su Araldite. A shafa shi siriri da tsinke a gefe ɗaya, a danna, a goge abin da ya ɓullo tun bai bushe ba, a ɗaure da salatif. Idan mariƙi ne ya cire, a binne rabin kofin a cikin kwanon yashi ko shinkafa yadda mariƙin zai zauna a sama, nauyinsa ya danne mahaɗar da kansa, a bar shi awa 24 ba a motsa ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, kofin da aka liƙe ya gama aikin shan abu mai zafi. Gam na kasuwa ba a yi shi don ya haɗu da abinci ba, tsagar tana tara ƙwayoyin cuta, mariƙin da aka liƙa kuma yana iya sakin mutum da tafasasshen shayi a cinya. Mutanen Japan suna da tsohuwar sana'a mai suna kintsugi, inda suke haɗa fasasshen kwano da ƙaron wata bishiya su bi tsagar da garin zinariya, gyaran ya fito fili a maimakon a ɓoye shi. Aiki ne na makonni, kuma kayan kwaikwayon da ake tallatawa a intanet da wannan suna yawancinsu gam ne da hoda mai ruwan zinariya, don haka hukuncinsu ɗaya da na sauran gam. Kofin da aka gyara sai ya koma riƙe alƙaluma ko tazbaha ko makullai, a wurin da mai shi zai riƙa ganinsa kullum.

Mataki na bakwai: a rubuta tarihinsa, a kuma warware maganar mallaka

A ɗauki hotonsa ta gaba da ta gindi, a rubuta a 'yar takarda sunan mai shi na asali, da inda aka samo shi, da shekarar idan an sani, da abin da ake tunawa da shi. A ajiye takardar tare da takardun gida, a kuma tura hoton ga 'yan'uwa. Idan akwai dattijuwar da ta san labarin, a naɗi muryarta a waya tana ba da shi da bakinta, domin takan ambaci sunaye da wurare da ba wanda zai iya kawo su bayanta.

Idan kofin na mamaci ne, akwai hakki a kansa. A shari'ar Musulunci duk abin da mamaci ya bari, komai ƙanƙantarsa, yana cikin gado, kuma kasancewar mutum shi ne ya fi shaƙuwa da marigayin ba ya mallaka masa kayan. Wanda yake son kofin mahaifinsa ya nemi yardar sauran magada a fili, ko ya roƙi a ƙiyasta kuɗinsa a cire daga rabonsa. Galibi 'yan'uwa sukan ce sun yafe nan take, amma idan a cikin magadan akwai marayu ƙanana, ba a ɗaukar yafewarsu, sai a ƙiyasta a biya su kasonsu.