Yadda za a rage kashe karnuka da kyanwoyi a unguwa

A Amurka, kare ko kyanwar da ba mai so gidan ajiye dabbobi ake kai ta, in wuri ya cika a yi mata allurar mutuwa. A shekarun 1970 sama da miliyan 10 ake kashewa haka duk shekara, yanzu ba su kai miliyan 1 ba, kuma babban dalili shi ne hana dabbobin haihuwa barkatai. Mu a Legas irin waɗannan gidaje ba su taka kara sun karya ba. Namu hukuncin a lungu ake yanke shi: fiya-fiya a cikin kan kifi, ko buhun 'yan kyanwa a lambatu da asuba. Ni magungunan dabbobi nake sayarwa a Agege, kusa da mayankar Oko-Oba, kuma ina cikin kwamitin unguwa, to ga yadda muke bin abin.

Kisa ba ya rage yawan karnukan titi. Muddin akwai bola da ragowar nama, in an kashe goma wasu goman ne za su shigo daga wata unguwa, waɗanda ba a san lafiyarsu ba. Kwasar ruwa ne ana barin famfo a buɗe. A birnin Jaifur na Indiya tun 1994 ake kama karnukan titi, a yi musu aikin hana haihuwa da rigakafi, a yi musu shaida a kunne, a mayar da su inda aka ɗauko su, kuma a 2001 ƙasar ta mai da tsarin doka.

Ku fara da littafi. A bi gida gida da shago shago a rubuta wa ke da me, mace ce ko namiji, an yi allura ko ba a yi ba. Za ku sha jin “ai ba nawa ba ne, abinci kawai nake ba shi.” Wanda ke ba da abincin, sunansa za a rubuta.

Sai likitan dabbobi, kuma kuɗin farko a kan mata za a kashe shi. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukarsa tun tana wata huɗu ko biyar, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Karya kuwa sau biyu take neman namiji. Fiɗiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu, amma kada a kira mai fiɗiye bunsuru. Cire mahaifa tiyata ce, sai da allurar barci. A hana dabbar abinci daren da za a wayi gari a yi aikin. Bayan an gama, a shimfiɗa mata tsohon zane a kwali, a ajiye ta a ɗaki kamar kwana goma, a hana ta lasar ɗinkin, a riƙa duba wurin ko ya kumbura ko yana ruwa. Abu biyu nake ƙin sayarwa ko an roƙe ni: farasitamol don kyanwa, domin kashe ta yake yi, da allurar tsarin iyali ta mutane don karya, domin tana iya tara mata mugunya a mahaifa. In kuɗin tiyata ya yi yawa, ku tara dabbobi da dama a rana ɗaya ku yi ciniki da likitan.

Tsoron ciwon haukan kare ne ke sa mutane ɗaukar sanda, kuma suna da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare. Amma ita dai ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa. Ana fara allurar kwikwiyo yana wata uku, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta a nan gida. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti nan take. Karen kuma, in na gida ne, a ɗaure shi kwana 10 likita yana dubawa. Wanda ya nuna alamar cutar dole a kashe shi, amma aikin likita ne, ba na samarin unguwa ba.

Batun doka yana hannun ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ta ikon tsara yadda ake ajiye dabbobin gida. Kada ku je ku kaɗai. Ku bi ta Sarkin Hausawa da Baale (mai unguwar Yarbawa) da ƙungiyar raya unguwa, sannan ku ce wa kansila: “Ranka ya daɗe, rajista muke so mai araha, da ragi ga wanda ya yi wa dabbarsa aiki, da tara ga mai zuba guba ko yar da dabba, da ranar rigakafi kyauta.” Ranar 28 ga Satumba ta dace, ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ku dage kan arahar. In rajista ta yi tsada, mutane ɓoye karnukan za su yi, ko su sake su a Oshodi.

Limami ma ku same shi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, suna cikin Bukhari da Muslim. A karanta wa yaran Islamiyya, su ne masu jifa. A kuma tuna wa masu tafiya gida noma ko Sallah su bar dabbarsu a hannun wani kafin su hau mota.

Waɗanda aka riga aka haifa kuwa, a bar su da uwarsu sati takwas, sannan a sa hotonsu a zauren WhatsApp na unguwa. Masu shagon hatsi a kasuwar Mile 12 da ɓera ya dama sukan karɓi kyanwa da murna. A tambayi mai karɓa inda dabbar za ta kwana da wanda zai ciyar da ita, a rubuta sunansa a littafin. Wanda ya fara da tambayar nauyin karen, kada a ba shi, namansa yake nema.