Yadda zaka saki muƙamuƙinka murya ta fito sarai

Yawancin masu waƙa da masu bege in murya ta shaƙe musu wajen ɗaga sauti sai su ruga shan zuma da citta da kanumfari, alhali sau da yawa ba maƙogwaron bane, muƙamuƙi ne ya ƙage. Gwada yanzu ka gani: cije haƙoranka, sa yatsu a kumatu can baya wajen kunne, zakaji wani nama ya taso yayi tauri. Naman tauna kenan, in ya ɗaure baki baya buɗuwa yadda ya kamata, sai kaita matsa wa wuya.

Da farko ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka ɗora a kumatun kamar minti 3. Sannan ka saki baki ya ɗan rataya kamar mai gyangyaɗi, ka murza wajen nan da yatsu biyu a hankali kana zagayawa, minti 1 ko 2 ya isa, kar ka danna da ƙarfi don Allah, ba kwaɓin fulawa kake ba.

Sai hamma. Yi ta ta gaske sau 3, ka lura da yadda haɓa ke sauka ƙasa ta ɗan koma baya, ba gaba take turowa ba. To haka ake so bakin ya buɗe in kana waƙa.

Na gaba shine wanda nafi so, don nan asirin kowa ke tonuwa. Tsaya gaban madubi, tafukan hannu a kumatu, kace "ya ya ya" sannan "la la la" kana hawa kana sauka, harshe kaɗai zaiyi aiki haɓa na nan a sake. Ranar farko zakaga haɓar na bin harshe duk inda yaje, musamman in sautin yayi sama har kai ma ɗagawa yake, kar ka damu, rage sauti ka sake. Daga nan ka ɗauko baiti ɗaya da ka saba rerawa kayi shi a haka.

Ranar shiga situdiyo ka rage cingam da goro, suna gajiyar da naman tun kafin ka fara. In kuma kana jin ƙas-ƙas da zafi gaban kunne, ko an ce kana cizon haƙora cikin barci, wannan likitan haƙori zaka gani.