Darasi na tara: Sarin cukun waje, mai laushi da mai shuɗi da na akuya

Toh jama'a, darasin yau na 'yan sari ne, musamman masu kai kaya otal-otal da manyan kantuna da gidajen abinci na Nasarawa da Bompai. Cuku dai ba baƙonmu bane a Kano, kowa ya san wanda Buzaye suke kawowa daga wajen Agadas, fale-fale busasshe, a ci da shayi ko a daka shi cikin fura. Akwai kuma wara ta Fulani, madarar shanu da ake daskarar da ita da ruwan tumfafiya, kar ku haɗa ta da awarar waken suya da yara ke soyawa a bakin layi, wannan daban. Wanda za mu karanta yau na waje ne, yawanci daga Turai, kuma halinsa ba irin na cukun Buzaye bane da za ka jefa a buhu ka manta da shi wata da watanni. Shi wannan ko yana cikin kwalinsa yana ci gaba da nuna kamar mangwaro, duk ranar da ya kwana a hannunka ya ƙara matsawa kusa da lalacewa.

Mu fara da mai laushi. Sunaye biyu za ku fi gani a takardar oda, Brie da Camembert, dukkansu asalinsu Faransa, da madarar shanu ake yi. Camembert ɗan kewayayye ne kamar faifai ƙarami, wajen giram 250, sau da yawa a ɗan akwatin katako, shi kuma Brie babban fai-fai ne ana yanka shi gida-gida. Bayansu fari ne sol kamar an yayyafa gari, to wannan farin funfuna ce, amma da gangan aka shuka ta kuma ana cinta, ita ke sa cikin ya yi laushi daga baki zuwa tsakiya. In ka danna da yatsa ka ji ya ɗan lotsa ya dawo, lafiya lau. In kuwa ka buɗe ka ji wari mai hawa kai kamar na fitsari, bayan ya fara ja ko ya yi yauƙi, toh ya wuce, kar ma ka ɗora wa kwastoma.

Mai shuɗi shi ne inda mutanenmu suka fi ruɗewa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Na taɓa tsayawa a shagon wani bawan Allah da aka aiko masa da kwali guda daga Legas, yaron shagonsa ya buɗe ya ga jijiyoyi shuɗi-shuɗi kore-kore sun ratsa cikin cukun ga wari, kawai ya kwashe ya kai bola yana cewa an cuci maigida. Kuɗi ne masu yawa suka tafi a banza ranar, alhali kayan lafiyarsu ƙalau. Haka ake yinsa. Ana zuba ƙwayar wata funfuna a madarar tun farko, bayan cukun ya daskare sai a tsattsaga shi da dogayen allurai iska ta shiga, duk inda iskar ta bi nan shuɗin ke tsirowa. Maganar wari kuma, mu da muke sa daddawa a miya ai bai kamata mu yi wa kowa dariya ba, Bature ma in ya shinshina daddawarmu guduwa zai yi.

Shahararrunsu uku ne kuma farashinsu ba ɗaya ba. Roquefort na kudancin Faransa, da ɗanyar madarar tumaki ake yinsa, ana ajiye shi a cikin kogon dutse na garin da ya ci sunansa, sai ya yi aƙalla wata 3 yana nuna kafin a sayar, kuma tun 1925 doka ta kare sunan, wani ba zai yi nasa a wani gari ya kira shi Roquefort ba. Gorgonzola na Italiya ne, madarar shanu, akwai mai laushi mara kaifi akwai mai yaji a harshe. Stilton na Ingila, shi ma shanu. Akwai kuma na ƙasar Denmak da ake kira Danablu, yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Abin da nake so ku riƙe, in mai dafa abinci na otal ya ce Roquefort yake so, kar ka kai masa Danablu ka ce ai duk shuɗi ne, kamar mace ta aike ka shadda ka kawo mata yadi ne, zai dawo maka da kayanka kuma ba zai sake kiranka ba.

Na akuya ba sai mun daɗe ba. Faransawa suna ce masa chèvre, wato akuya kenan da yarensu, za ka ga kalmar a jikin leda. Fari ne fat, ya fi na shanu fari, yana da ɗan tsami kamar kindirmo, ya kan zo a mulmule dogo. Sabonsa shi ya fi duk sauran saurin lalacewa, kuma shi in ka ga funfuna a kansa alhali ba da ita ya zo ba, zubarwa ake. Feta ta Girka ma tana shiga nan, madarar tumaki ce wani lokaci da ta akuya a ciki, tana zuwa cikin ruwan gishiri shi yasa ta fi juriya, ni a ganina wanda zai fara wannan sana'a da ita ya kamata ya fara, tunda gidajen abincin Kwarori da masu haɗa salak suna nemanta.

Yanzu ga babbar magana, sanyi. Duk waɗannan so suke su zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 4, dare da rana, mu kuma a Kano watan Maris da Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, ga wuta a kawo a ɗauke. Alhaji in baka da janareto ko sola da za ta riƙe firij har asuba, dan Allah ka bar wannan layi ka ci gaba da sarin taliya da madarar gwangwani a Singa, babu abin kunya. Kuma kar ka ce bari in sa a firiza in huta, ƙanƙara tana kashe Brie da Camembert, in ya narke sai ya zama ruwa-ruwa yana marmashewa. Sayi ɗan ma'aunin sanyi ka rataya a cikin firij, safe da yamma ka duba ka rubuta a littafi, kun ga amfanin karatun da muke yi kenan. Ranar da kaya suka iso, ko ta jirgi ko ta motar sanyi, ka taɓa kwalin da hannunka kafin ka sa hannu a rasit, in ka ji ɗumi ko ka ga leda ta kumbura kar ka karɓa. Kai wa kwastoma kuma a cikin kula mai ƙanƙara, da sassafe, ba a bayan adaidaita da azahar cikin go-sulo ba. Mai shuɗi a naɗe shi daban, wuƙarsa daban, in ba haka ba shuɗin zai haye kan sauran.

Sai karatun jikin kwali. Nemi inda aka rubuta Best before ko Use by, lambobin gabansa su ne rana da wata da shekara, ka ƙirga kwana nawa suka rage kafin ka biya. Nemi lambar NAFDAC. Nemi kalmar pasteurised, ma'ana an dafa madarar an kashe ƙwayoyin cuta, in kuwa ka ga lait cru to ɗanyar madara ce. Wannan ba wasa bane, cuku mai laushi da mai shuɗi suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ake kira Listeriya wadda ko a firij tana hayayyafa, shi yasa likitoci ke hana masu juna biyu cinsu, Hajiya ki gaya wa kwastomominki mata. Sannan halal, tunda kwastoma zai tambaye ka. Abin da ake daskarar da madarar da shi sau da yawa daga cikin ɗan maraƙi ake ciro shi, wani kuma ba na dabba bane, toh ka nemi tambarin halal ko ka tambayi dilanka a rubuce. Wasu 'yan kaɗan ma da giya ake wanke bayansu, irin Époisses, wannan kam ka bar musu abinsu.

Ni dai shawarata kar ka saro sai ka san wanda zai saya. Zagaya otal-otal ɗin ka karɓi oda tukuna, ka tara, sannan ka kira dila, gara kayan su yanke maka ka ba da haƙuri da su kwana maka sati uku. A firij kuma wanda ya riga zuwa shi zai riga fita, sabo a baya tsoho a gaba.

Ga aikin gida, kuɗin misali ne kawai na sa don lissafi. Kwali ɗaya yana da Camembert guda 12, kowanne giram 250, kilo nawa kenan a kwalin? Ka saro kwalin naira 60,000, nawa kowane ɗaya ya faɗo maka? An ɗauke wuta kwana biyu guda 2 sun lalace, yanzu nawa ne asalin kuɗin kowane ɗaya cikin goman da suka rage, tun kafin ka sa kuɗin man janareto da na mota? Ku rubuta amsa a littafinku, kuma duk wanda ya samu ledar cuku ko kwalin madara a gida ya taho da shi ranar Asabar mu karanta kwanan watan tare.