Renon yaro mai tatata a hutun hunturu

A Tawa ta ƙasar Nijar, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, wuni ɗaya yakan zo da yanayi biyu. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 15, wata rana ma ƙasa da haka, iskar arewa maso gabas tana kaɗo hazo da ƙura daga Sahara, amma kafin la'asar sai rana ta haura digiri 30. A tsakanin nan ne ake bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, ƴan lakwal su sami hutu, dangi su iso daga Yamai ko Konni, gida ya cika maƙil. Babba ya san yadda zai yi da kansa. Abin ji shi ne yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da uku, wanda ƙafarsa ta fara kai shi ko'ina, hannunsa yana kai wa ga komai, alhali bakinsa bai iya cewa ɗari yake ji ba. Bayan na raini uku a garin nan, abin da na gani shi ne dabarun da muke yi don korar ɗari sun fi ɗarin kansa cutar da yaro, wato garwashi, da tafasasshen ruwa, da rufaffen ɗaki, da tulin tufafi.

A fara da wuta, domin ita ce ba ta ba da lokacin gyara kuskure. Bara waccan maigidana da ƙannensa suna zaune a tsakar gida da hantsi, suna sauraron kokawar takobin ƙasa a rediyo, butar shayi tana kan ɗan murhun waya a gabansu. Mu bakwai ne manya a wurin. Autana, wanda bai cika wata ashirin ba a lokacin, ya ratso tsakaninmu yana tatata, ya tsuguna, ya ɗauki garwashin da toka ta lulluɓe, domin a idonsa dutse ne fari. Yatsu biyu ya ƙona, kuma har yau akwai ɗan tabo. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ido da yawa ba ya tsaron yaro, saboda kowa yana zaton wani ne ke kallo. Tun daga ranar muka kafa doka a gidanmu: duk lokacin da wuta take kunne, akwai mutum ɗaya da aka ambata da baki cewa yaron yana hannunsa, kuma idan zai tashi sai ya danƙa shi ga wani da baki. Nakan ce wa ƙanwar maigida, "Gwaggonsa, ga ɗanki nan har in sauke tuwo," ita ma ba ta barin wurin sai ta ce da ni, "Yaya, na maido miki shi." Kada a ɗora wannan nauyi a kan yayarsa ƴar shekara shida don tana hutu, domin da zarar ƙawayenta sun leƙo daga zaure, hankalinta ya bi su.

Kaskon jin ɗumi da murhun shayi a ajiye su a kusurwar da za a iya tarewa da benci ko turmi a kwance, kuma hannun tukunya da bakin buta su juya wajen bango. Idan an gama, a kashe garwashi da ruwa, kada a bar shi a ƙarƙashin toka. Idan tsautsayi ya gitta yaro ya ƙone, a cire masa rigar da ta jiƙe da ruwan zafi matuƙar ba ta manne da fata ba, sannan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na randa ko na famfo a kan wurin har minti 20, sauran jikinsa a lulluɓe da zane don kada ɗari ya kama shi. Ba a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko toka, duk da cewa a cikin taro ba za a rasa mai ba da wannan shawara ba. A rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi faɗin tafin hannun yaron, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta gaba, ta asibiti ce a ranar.

Haɗarin gawayi na biyu ya fi na farko muni, saboda ba a ganinsa. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Babba zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, yaro kuwa sai dai a ga ya yi laushi yana ta barci, a ɗauka ɗumi ne ya yi masa daɗi. Saboda haka ba a kwana da kasko a ɗaki, ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi, domin rashin hayaƙi ba ya nufin gubar ta ƙare. Wanda ke son ɗumama ɗaki ya yi haka da magariba, ƙofa a buɗe, ya fitar da kaskon kafin a shimfiɗa wa yara. Idan aka tashi aka tarar mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai, a fitar da kowa fili nan take, a nufi likita. Turaren wuta ma a rage shi a ɗakin da yaro ke kwana, musamman mai tari.

Wanka shi ne inda muka fi samun saɓani da surukata. Ita a ganinta yaro ba ya wanka a hunturu sai dai a goge masa fuska, ni kuma ina ganin ƙurar da yake birgima a ciki wuni guda ba ta barin fata lafiya. Inda muka daidaita shi ne a ɗage wankan daga safiya zuwa tsakanin hantsi da azahar, a wurin da iska ba ta bugawa, a gama cikin ƴan mintoci, tawul da tufafi suna kusa tun kafin a tuɓe shi. Wajen surka ruwa, a fara zuba na sanyi a baho, a bi shi da na zafi, a motsa, a gwada da gwiwar hannu. Idan aka fara da na zafi aka juya ɗebo na sanyi, a wannan ɗan juyin ne yaro ke tsoma hannu. Bayan wanka a zubar da ruwan bokiti ko a rufe shi, saboda kan yaro mai wannan shekaru yana rinjayar jikinsa, idan ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya fitowa da kansa. Sabulu kaɗan ya isa. Mai kuwa a shafa shi tun jiki yana da ɗan damshi, man kaɗe ko basilin, a bi kumatu da leɓe da bayan hannu da diddige inda kaushi da faso ke farawa, a maimaita da dare. Man zafi mai kafur ko mai yaji ba na ɗan ƙasa da shekara biyu ba ne, kuma ba a cusa shi a hancin yaro komai shekarunsa.

Game da tufafi, riguna marasa kauri biyu ko uku da za a iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi babbar rigar sanyi guda. Da safe a sa masa ƴar shara, da riga mai dogon hannu, da rigar sanyi, da hula mai rufe kunne, da safa, duk ana samunsu a gwanjo da sauƙi, sai dai a wanke a shanya a rana kafin a sa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi cikin wannan shiri har azahar. Wata rana na cire wa yaron rigar sanyi, surukata ta ce, "Ke ƴar nan, so kike ki kashe mini miji da ɗari?" Na ce, "Inna, ku taɓa bayan wuyansa ku ji." Ta sa hannu ta ji gumi sharkaf, ta yi shiru, ta cire masa hular da kanta. Nan ne ma'auni, bayan wuya ko ƙirji, ba tafin hannu ba, wanda kusan kullum da sanyi yake. Gumin da ya jiƙa riga, iskar yamma ta buge shi, shi ne ke sa yaro rawar ɗari.

Abinci a wannan lokaci ba ya wahala, domin kayan lambu sun fito: karas, kabeji, tumatir, dankalin turawa, ga albasar Galmi, ga lemun da ake kawowa daga Agadas. Kunun gero ko na gyaɗa mai ɗumi da safe yana riƙe ciki, amma a fifita shi, a ɗanɗana daga tsakiyar kwano, saboda kunu mai kauri yakan huce a sama ya ɓoye zafi a ƙasa. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, tunda iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ji ƙishirwa sosai ba. Tsarabar baƙi ita ce abin lura. Gyaɗa, da aya, da alewa mai tauri, da dabino mai ƙwallo, da ɗanyen karas da aka yanka ƙulu-ƙulu duk suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. A karɓa da godiya a ajiye sama, a cire ƙwallon dabino, a dafa karas ya yi laushi, kuma ya ci a zaune. Jakar baƙuwa ma a rataye ta, domin sau da yawa akwai ƙwayoyin hawan jini ko na ciwon sukari a ciki.

Hutu yana rikita lokacin barci, kuma yawancin rigimar da ake cewa yaro ya koya daga baƙi gajiya ce kawai. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. A tsare masa barcin bayan azahar ko da gida ya cika, a kwantar da shi da dare a lokacin da ya saba, cikin gidan sauro, domin sauro ya ragu ne, bai ƙare ba. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faifai, a bar shi ya yi wasa a ɗaki da ludayi da ƙoƙo da murafen kwano, a yayyafa ruwa kafin a yi shara. Wayar hannu tana sa shi shiru, amma kukan karɓe ta ya fi wanda aka guje wa.

Mura da majina ba makawa sai sun zo, kuma mafi yawansu suna wucewa da kansu. A wanke masa hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani, a ba shi abin sha mai ɗumi, wanda ya haura shekara ɗaya a ba shi ƙaramin cokali na zuma don tari. Kada a saya masa maganin tari ko ƙwayoyi daga masu talla a tire. Abin da ya kamata kowane uba da uwa su iya shi ne ƙirga numfashi. Idan yaro ya natsu ko yana barci, a ɗaga rigarsa, a kalli agogo, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye alama ce ta ciwon huhu. Haka nan idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko ya yi nauyin tashi daga barci, ba a jiran gari ya waye. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, kuma mutanen Yamai ba su manta da annobar 2015 ba, don haka zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya ba abin jiƙa saiwa ba ne. A yi amfani da hutun a buɗe katin rigakafi a duba, musamman allurar ƙyanda, wadda ake yi a wata tara, a ƙara ta biyu a cikin shekararsa ta biyu, ita ce kuma iyaye suka fi mantawa saboda yaro ya riga ya sauka daga baya.

Masu tafiya Yamai da yaro su tuna cewa motocin bas suna tashi tun kafin asuba, lokacin da ɗari ya fi tsanani, sannan su bi ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, zafin rana ya riske su a hanya. A riƙe bargo ƙarami, da ruwa, da kunu a fulas, da kayan canji biyu, da katin rigakafin a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a loda a ƙarƙashin mota ba. A nemi kujerar da ba ta kusa da ƙofa, kuma da rana ta ɗaga a fara rage masa tufafi.