Kafin a goge, a ɗauki hoton saƙon

Iyaye da yayye, ga shawara.

Idan ana cin zarafin yaronku a guruf ɗin ajinsu na WhatsApp, kada ya rama. Ya fara ɗaukar hoton saƙon, lamba da lokaci su fito sarai.

Mai zagin yana da kusan kwana 2 da zai iya goge saƙonsa daga wayar kowa. Da wata yarinya ta zagi ƙanwata a guruf, don haushi ƙanwata ta goge hirar gaba ɗaya. Washegari muka je wajen shugabar makaranta hannu rabbana, yarinyar kuwa ta rantse ba ta rubuta komai ba.

Sai dai hoton da aka turo don a buɗe shi sau ɗaya kacal ba ya ɗaukuwa a wayar da aka turo shi. Shi kam ku ɗauke shi da wata wayar.